Duwatsu Uku

Shekara ashirin da biyu ina dako,
igiya a goshi, kwando a gadon baya.
Buhun gishiri, tukunyar gas, kwanon rufi,
har firiji na taɓa kaiwa Ghandruk
a kan matakalar dutse, ban zame ba ko sau ɗaya.

Sai damina ta zabtare gefen tudu,
gungume ya daki gwiwar hagu ta waje.
Ƙashi ya ɗoru cikin wata uku,
amma jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa ta yi shiru,
kamar ɗan aiken da ya ɓace a hanya.

Ƙafa ta sunkuyar da kai.
Yatsu na sharar ƙasa,
ina ɗaga gwiwa kamar mai tsallake kwata.
Tsakuwa ƙanƙanuwa ta isa ta kayar da ni,
'yan dakon da na koya wa ɗaurin kaya
su kau da ido don kunya.

A Pokhara, bayan asibiti, akwai wani ɗaki
mai warin narkakkiyar roba da farar ƙura.
Bimala Pun ta tsuguna a gabana:
"Mangal, taka in gani. Koma. Sake."
Ba fuskata take kallo ba,
diddige take karantawa, shi ba ya ƙarya.

Na ce, "Yanke ta za ku yi, ku ba ni ta ƙarfe?"
Ta ce, "Wancan ɗakin na waɗanda suka rasa ne.
Taka tana nan. Mu ba musanya muke yi ba, tokara muke,
yadda ake tokare reshen lemo
in nauyi ya yi masa yawa, kada ya karye a banza,
kada kuma ya girma a karkace
har karkata ta zame masa ɗabi'a."

Ta naɗe ni da jiƙaƙƙen tsumman filasta,
ya yi ɗumi, ya sandare, ta tsaga shi a hankali.
Inda idon sawu ya turo ta zana da shuɗin fensir:
nan ba a matsawa, ƙashi ba ya yafiya.

"A gidanku duwatsu nawa ke riƙe tukunya?"
Na ce uku.
"To, ga ɗaya a bayan sha-raɓa,
ga ɗaya a ƙarƙashin tafi,
na uku maɗauri ne a wuyan ƙafa.
Biyu na turawa, ɗaya na yi musu gardama,
a tsakaninsu gaɓa ke miƙewa.
Cire ɗaya ka ga ɓarin miya."

Awa guda yau, gobe biyu.
Safa mai tsabta, kada ta naɗe.
In ka cire, duba fata da idonka,
tunda wurin bai cika jin ciwo ba.
Jan da ya ƙi gushewa bayan ka sha shayi,
ɗauko ta ka dawo, ko da nisan tafiya.

"Za ta warkar da ni?"
Ba ta yi min daɗin baki ba.
"Maƙwabciya ce mai share gidan matafiyi.
Tana hana agara ƙanƙancewa,
tana tsare wa jijiya gurbinta.
Ko ta dawo, ko kada ta dawo.
Kai dai ja tafin da tawul safe da yamma,
kada aro ya koya maka lalaci.
Wannan ce gaskiya."

Phulmaya ta sayo takalmi mai girman lamba guda,
ta cusa ulu a bakin na dama.
Yanzu shayi nake kaiwa shaguna,
matakala ɗari uku da goma sha ɗaya.

Shekaranjiya babban yatsa ya yi kamar ya motsa.
Ban gaya wa kowa ba tukuna.

Da dare nakan kwance ta, in goge mata gumi,
in jingina ta da bango kusa da tsohon kwandona.
Ɗan dako ya san ɗan dako:
ba ta magana, ba ta ƙirga abin da ta ɗauka,
da asuba tana nan, a shirye,
tana jiran kaya.